Zabuwar da ta sha maganina

Shekarun baya can, tun mulki na hannun Turawa, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Tamale. Ban daɗe da gama kwalejin malamai ba aka yi min aure, muka zauna a gidansu maigidana a Tishigu tare da mahaifiyarsa.

Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara. In al'ada ta kusa, sai in ji kamar ana murɗa min hanji, har tsayuwa gaban allo ta gagare ni. Yanzu na ji likitoci suna da suna ga irinsa, wai abin da ya kamata ya tsaya cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajenta. Ba zan rantse shi ne nawa ba, amma ya yi kama. A lokacin dai likita farar ƙwaya yake ba ni, ya ce in na haihu zai wuce. Ƙwayar ba ta yi wani aiki ba, haihuwar kuma ba ta zo ba.

Surukata ta fara sa min ido. Duk ranar da na dawo daga asibiti sai ta ce, "Malama, an je karɓo na wannan watan?"

"Na ciwo ne, Mma."

"To. Ciwon bai tafi ba, cikin bai zo ba. Wanne ne aikin maganin a ciki?"

Gaskiya ni ma zargin ko maganin ne ke hana ni haihuwa ya fara shiga raina, don ban taɓa tambayar likitan abin da ke cikin ƙwayar ba.

Wata rana na lura ƙwayoyina suna raguwa. Na zargi kaina da mantuwa, sannan na zargi kowa a gidan. Ashe Mma ce ke dakawa tana zuba wa wata zabuwarta a cikin tsaki. Da na gan ta, ko ɓoyewa ba ta yi ba.

"Wannan kullum sai ta yi ƙwai," in ji ta. "In ta daina, kin san abin da kike sha. Ɗana kuma zai sallame ki, don ban aurar da shi ga asibiti ba."

Zabuwar kuwa ta daina.

Maigidana ya daina haɗa ido da ni. Ni da na yi karatu, sai ga ni tsugune bakin akurki ina laluben ƙwai, ina roƙon tsuntsuwa ta rufa min asiri. Har na yanke shawarar da nake jin kunyar faɗa: in sayo ƙwai a kasuwa in ajiye mata. Na zagaye kasuwa ban samu ƙwan zabo ko ɗaya ba. Wata mai sayarwa ta yi min dariya, ta ce, "Damina ta wuce, yarinya. Wace zabuwa ce ke ƙwai da rani?"

Na dawo na durƙusa gaban Mma. "Mma, wataƙila ban fahimta daidai ba, amma zabin garin nan duk sun daina. Ko su ma asibiti suke zuwa?"

Ta fi ni sanin zabi. Ina jin zargi ne ya mantar da ita. Amma ba ta sauko ba. "Sai mu jira ruwa," ta ce.

Haka aurena ya rataya a kan zabuwa har rani ya ƙare, tana cin rabin maganina. Da ruwa ya sauka ta yi ƙwai. Mma ta dafa, ta kawo min ɗaki ranar da nake kwance ina juyi, tare da dutsen da ta gasa ta naɗe a tsumma. "Ɗora a marar," ta ce.

Ban warke ba, ban kuma haihu ba. Da dutsen nan da rage aiki a kwanakin na lallaɓa har al'ada ta ɗauke, ciwon ya bi ta. Maigidana bai sake ni ba.

Har yau ban san ko Mma ta yarda da ni ba ne, ko da zabuwar ta yarda. Na kan tambayi kaina kuma: da tsuntsuwar nan ta mutu da rani fa?