Ruwan da na kai wa Mai Famfo gona

Daminar bana ta cika shekara goma sha huɗu da rasuwar maigidana. Ni ban iya rubutu ba. Ɗiyata Hadiza, wadda ke koyarwa a lakol, makarantar boko ta Gazawa, ita ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Ta ce a jarida sai an sa sunan mamaci. Na ce shekara talatin muka yi tare, bakina bai taɓa kama sunansa ba, ba yau zan fara ba. A ƙauyenmu, nan gefen Gangara, Mai Famfo ake ce masa. A sa haka.

Sunan ya same shi ne shekarar da fara ta sauko mana gero yana fidda kai. Ma'aikatan gidan gona suka zo suka ce kowane gari ya ba da mutum guda a koya masa feshin magani. Aka ba da shi, don ba shi da garaje. Kwana uku ya yi a Gazawa, ya dawo da famfon goyo, da safar hannu, da bido biyu, wato jarkokin roba shuɗɗa, cike da magani. Ya yi ta feshi gona bayan gona. A shekarar mun cika rumbu, garuruwan da ba a fesa ba kuwa kara kawai suka kwasa. Wannan gaskiya ce, kuma ina so a rubuta ta tun da fari.

Amma ya dawo wani mutum daban. Bayan feshi da kwana biyu ya zaga gonakin, ya tarar ba fara kaɗai ta mutu ba. Zabin daji, kurciyoyi, kwaɗi, duk ga su nan kwance a kunya. Amyar zumar da ke bisa itacen gawon gonarmu ta yi tsit. Ya shigo gida da bushiya a cikin hularsa, tana ta kakkarwa, ya ajiye ta gindin randa yana ɗiga mata ruwa da tsinke. Na ce masa tuwo na hucewa. Bai ci ba sai da ta mutu.

Daga nan tambayoyi suka kama shi, ni ce kuwa mai saurare ko ina so ko ba na so. Ya je wa liman, liman ya ce abin da zai cinye abincin 'ya'yanka ya halatta ka kashe shi. Ya ce, "To, Malam, bushiyar fa? Ko tsaba ɗaya ba ta ci mini ba." Liman ya ce Allah ya san niyyarsa. Ya dawo yana ce mini niyyarsa ya sani, amma ita bushiyar ba niyya ta sha ba, magani ta sha. Wani lokaci ina tankaɗe sai ya ce, "Ke, kurciya nawa ce ta kai ran yaro guda? Ɗari? Dubu? Ko kuwa babu adadin da zai kai?" In ce masa ni ban san ana auna irin wannan ba. Ya ce shi ma bai sani ba, sai da aka goya masa famfo.

Lokacin ne soja suka yarda a yi jam'iyyu, kowa ya sami bakin magana. Motoci suka riƙa shigowa da tutoci kala-kala, ana taruwa gindin tsamiya. Wata rana wani mai neman kujera ya ce daga yau duk mai kuka za a ji kukansa. Maigidana ya ɗaga hannu. Ya ce wanda ba ya magana fa, wa zai yi masa? Tsuntsayen daji, da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna, waɗanda za su gaji ƙasar da muke zuba wa abin da ba mu san ƙarshensa ba? Wani abokin wasansa ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi wa bushiyar Mai Famfo katin zaɓe, ku huta!" Aka fashe da dariya. Ni ma daga cikin mata na yi dariyar, don in rufe kunya.

Duk da haka, da fara ta dawo daminar gaba, ya sake goya famfon. Safar ta riga ta yage, ya yi da hannu tsirara. Na tambaye shi, in abin yana damunsa haka, don me? Ya ce bai iya kallon rumbun mutane wayam saboda zuciyarsa ta yi nauyi.

Yanzu ga abin da ya sa na kira Hadiza da takarda.

Da maganin ya ƙare, ya tura bidon nan biyu ƙarƙashin rumbu. Ya ce an gaya musu mota za ta zo ta kwashe, kada a zuba komai a ciki. Motar ba ta zo ba. A watannin nan ma'aikata yajin aiki suke ta yi, ba wanda ya tuna da mu. Ni kuwa kullum ina ganinsu, roba mai kauri, da murfi mai kyau, alhali tuluna biyu sun fashe mini a hanyar gona. Na jawo ɗaya. Na wanke da toka, na wanke da rairayi, na jiƙa tsamiya na bar ta ta kwana a ciki, na shanya a rana har kwana biyar. Na shinshina, babu wari. Na cika shi da ruwa na kai masa gona.

Da ya hango ni ya tsaya da hauya a hannu. Ya ce, "Ba na hana ki ba?"

Na ce, "Shinshina ka ji, in akwai wari ka zubar."

Ya shinshina. Ya dubi bidon, ya dubi gumin da ke zuba a wuyana, don gonar da nisa. Ya ce, "Hancina ba likita ba ne." Sannan ya kafa kai ya sha. Da ruwan nan na dama masa fura damina biyu.

Hannunsa ne ya fara rawa, sai ciki, sai ya rame ƙwarai. Muka kai shi gidan likita a amalanken jaki. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce wataƙila maganin da yake fesawa ne ya shiga jikinsa ta fata, wataƙila kuma ciwon hanta ne irin wanda ke kama mutanen da ba su taɓa ganin famfo ba. Ya ce ba su da na'urar da za ta bambance. Ban faɗa masa zancen bidon ba. Shi ma maigidana bai faɗa ba, yana kwance yana kallona. Har yau ban san ko rufa mini asiri ya yi, ko kuwa bai ɗauki abin a bakin komai ba. Ya cika ana saura 'yan kwanaki zaɓe, katinsa na cikin aljihu. Da na fita takaba na sassare bidon da gatari na binne a bayan gari.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Shekarun baya kaɗan fara ta sake cinye ƙasar nan, magani bai iso da wuri ba, na ga yara da ƙafa kamar sillen kara. A ranar na ce da yana nan da ya goya famfo, kuma da na taya shi. Sai kuma ga maganin yanzu a kasuwa cikin 'yan kwalabe, daga ƙetaren iyaka, kusa da mai sayar da ƙosai, kowa ya saya ya fesa wa wake ba takalmi. Na ce da yana nan da ya kifar da teburin. Sai muka ji a rediyo an bi wasu garuruwa an ƙone kaji, masu ciwo da masu lafiya, don kada wata mura da tsuntsaye suka ɗauko daga nesa ta kama mutane. Nan kam ban san ɓangaren da zai tsaya ba. Na zauna ina lissafin kaza nawa ce ta kai ran yaro guda, na ji muryarsa a bakina, na yi ta kuka. Bai bar mana shanu ba, bai bar amsa ba. Tambayar ya bar mini, ga ta ta fi ƙarfin kaina.

Sai bana na faɗa wa 'ya'yana zancen bidon. Kuma akwai ragowar maganar. Bido na biyu, tun yana da rai na wanke shi irin wancan wankin na ba ƙanwata Barira da ke aure a Cadawa. Satin jiya na shiga mota na je. Yana nan a ƙofar ɗakinta, ya koɗe, jikokinta na ɗiba da moɗa. Na faɗa mata komai, tun daga toka har gatari.

Ta ce, "Haba Yaya! Shekara nawa muna sha? Wa ya mutu? Dube ni, na fi ki ƙiba."

Na ce, "Ban ce shi ne ba. Ban sani ba ne."

Ta ce, "To a kan ban sani ba zan fasa bidona?"

Wataƙila ita ke da gaskiya, ni ce na kashe shekaru ina zargin roba. In haka ne, ba ni na kashe shi ba, kuma da na so in yarda. Amma ina zaune ƙaramar jikarta ta cika moɗa ta kawo mini, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ga ruwa." Na karɓa, na riƙe, ban sha ba, ban kuma iya mayar mata ba. Ranar kasuwa mai zuwa zan koma da sabon tulu. Barira ta ce in zo, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba.