Kalma Ɗaya Ta Sa Na Ƙona Aikin Ɗana

Mu biyar ne a gidan ranar: ni, da Malam maigidana, da ƙanensa tsohon soja, da yayata da ta zo daga Tarka, sai ɗana na fari da ya zo hutu daga ƙasar Turawa inda yake karatun kimiyya. Yau saura ni da shi. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta muku wannan, amma maganar tawa ce.

A lokacin ni mace ce mai ido. Ko allura aka gusa a ɗakina sai na sani. Belbeji kuwa tana da daɗi a shekarun nan na bayan babban fari: gero ya dawo rumbu, ranar kasuwa raƙuma har ƙofar gidanmu, nono da cuku ko'ina. Cikin wannan daɗin yaron ya sauka da littafi mai kauri da tarin hotuna baƙaƙe. Babu mutum ko ɗaya a cikinsu, sai fararen layuka masu lanƙwasa kamar zanen masu duba a ƙasa. Kullum yana gindin aduwa yana auna su yana rubutu, bakinsa na maimaita wata kalma, wai sharm.

Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in zaunar da shi in yi masa tambaya. Sai na tambayi baffansa sojan. Ya gyara hula, ya ce shi da ya sha Faransanci a bariki har ya ƙoshi, sharm ai asiri ne, irin wanda ake juya wa mutum kai da shi. Yayata ta dafe ƙirji, ta ce dama ta ga yaron ya rame, kuma da kunnenta ta ji ya ce a ƙarƙashin ƙasa suke aikin. Ban ƙara tambayar kowa ba. Suna fita sallar Juma'a na kwashe littafin da hotunan na tura a murhu, ina tsaye a kansu har suka cinye.

Da ya dawo ya ga toka, bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna gaban ubansa, ni ina bayan zana ina ji. Ya ce wata ƙwaya ce da ido ba ya gani shi da abokan aikinsa suke korawa cikin doguwar hanya a ƙarƙashin ƙasa har ta yi gudun da babu irinsa, sai ta daki farantin ƙarfe. Cikin ɓarɓashin da ke tashi, jifa-jifa akan samu wadda ta fi wadda aka jefa nauyi, kafin ƙiftawar ido ta fashe. Ita ce sharm. Suna ne kawai aka laƙa mata, kamar yadda Bafulatani ke sa wa saniyarsa suna. Shekara guda ya yi yana tsintar sawunta cikin hotuna, duk awon yana cikin littafin nan. Sojan ya fara cewa shi dai haka kaftin ɗinsu ke faɗa, Malam ya ce ya rufe masa baki.

Dole ya sake aikin daga farko. Shekara uku bai taka gida ba, a ta biyu Malam ya rasu, ba su sake ganawa ba. Har yau bai taɓa ɗaga mini maganar ba, wannan ya fi zagi ciwo. 'Yan'uwana mata, kunya ado ce, ban ce a bar ta ba. Amma in kin ga abin da ba ki gane ba a hannun ɗanki, shi za ki tambaya, ba mai rabin Faransanci ba.

Ni dai abin da na iya yi shi ne wanda na yi washegarin Juma'ar nan da hantsi. Na ɗauko rariya na tankaɗe tokar murhun nan kaf. Na samu guntayen hoto uku da wuta ba ta gama ci ba, na goge su da bakin zane, na naɗe a ƙyalle, na cusa masa a ƙasan jaka yana wajen wanka.