Ɗaya ga Janairu

Malam Mudathir bai san sunanta ba. Yana zaune a bencin wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, yana kallon matar da ke shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Siririya ce, tabaraunta ɗaure da zare, tana buga haruffa da yatsa biyu, kamar wadda ta koyi aikin da girmanta don kada a sallame ta.

Ta tambayi tsohuwar da ke gabanta, "Inna, yaushe aka haife ki?"

"Ke 'yar nan, wa ya rubuta? An dai ce ana girbin dawa."

Manhajar ba ta wucewa sai an cike rana da wata. Matar ta dubi tsawon layi, ta sa ɗaya ga Janairu, ta miƙa kati.

Malam Mudathir aka ba aikin tantance manhajar nan. A rahotonsa ya wanke ta, ya kira yawan ɗaya ga Janairu sakacin ma'aikata, ya ce a sauya su. Daga ofis ya yanke hukunci, bai tambayi kowa ba. Rahoton kuwa tun Litinin yana teburin shugabanta.

Ta ɗago kai da fara'a. "Malam, yi haƙuri, mun bar ka kana ta jira. Matso."