Baba Bulus Bai Taɓa Zama a Ajina Ba

Shekara biyar ke nan da muka raka Baba Bulus makwancinsa, cikin damina, ana dogon hutu. Wanda ya yi firamare a wajejen Sintali, a nan Jalingo, ba sai an gaya masa ko wane ne ba. Wanda bai san shi ba, tsohon malami ne, ɗan Mumuye, gajere, mai wani baƙin keke da ya fi tura shi fiye da hawa. Na san a makon nan mutane da yawa za su tuna shi da alheri, kuma ya cancanta. Ni ma da alherin nake tuna shi. Amma akwai abin da ke ci mini rai, kuma tunda an ba ni fili a jarida yau sai na amayar da shi: Baba ya zauna a ajin kowane sabon malami da ya shigo makarantarmu, ban da nawa.

Bari in yi muku bayanin wannan zama, don wallahi abu ne da ya kamata kowace makaranta ta sani. Idan aka kawo sabon malami, Baba ba ya kiran shi ofis ya yi masa wa'azi. Sai kawai ka shiga aji da safe ka tarar da shi a bencin baya, ya matse tsakanin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ba ya gyara maka kuskure a gaban yara. Ɗalibi yake zama, kuma ɗalibin da ya fi kowa jinkirin fahimta. Kana cikin zuba sai ka ga hannun tsoho a sama: "Malam, ban gane ba." Wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Fillanci ko Mumuyanci, yadda yaran da ke gabanka za su faɗa da suna da ƙarfin hali. Idan aka tashi sai ya tura kekensa, kai kana gefensa, ku taka har mararraba yana warware maka abin da ya gani. Malami ɗaya yake ɗauka a zango, don ya ce kan tsoho ba ya riƙe aji biyu.

To a lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Jalingo ta zama babban birnin jiha, ta cika da baƙi, ma'aikata sun kwaso iyalansu, azuzuwa sun tumbatsa. Sai aka ɗauki irinmu mu toshe gurbi. Ni sakandare kawai na gama, ban taɓa taka kwalejin horon malamai ba. Koyarwar ma da kaina na koya wa kaina: tsofaffin littattafai na bakin kasuwa, Turancin rediyo, da murafun kwalba da nake tsintowa cike da aljihu don koyar da ƙirga. Rana ɗaya muka fara aiki da wata Malama Rifkatu, 'yar Jukun daga kudu, ita da takardarta ta kwaleji a hannu.

Ga inda gizo ke saƙar a wajena. Hedimasta ya gaya mana tun farko cewa mai takarda aikinsa ya zauna. Marar takarda kuwa na wucin gadi ne, sai wani babban malami ya ga koyarwarsa da idonsa ya ba da shaida kafin a tura sunansa ofishin ilimi. A makarantarmu shaidar Baba kaɗai hedimasta yake ji. In babu ita, sai in koma bin shanun kawuna. Ban damu ba ko kaɗan, don ni ɗan gida ne. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Baba a Mayo Gwoi. Shi ya koya mini riƙe fensir, shi ya kai ni wurin hedimasta. Idan tayar kekensa ta sace, ni ke yin faci.

Ranar Litinin na share ajina tas, na goge bencin baya da hannun rigata, na jera murafun kwalbana a kan tebur. Na ji ƙarar sarƙar kekensa, na ga inuwarsa ta gifta tagata. Ya wuce. Ajin Rifkatu ya shiga.

Jama'a, zango guda cur ina kallon wannan abu. Bango ɗaya ne tsakanin ajina da nata, kuma saman bangon bai kai rufi ba, don haka komai ina ji. Wata rana tana koyar da ɗebewa, ta ce a ari ɗaya daga gidan gomomi, sai na ji muryar tsoho: "Malama, wannan ɗayan da muka aro, wa ya ba mu? Kuma shi gidan da muka ɗauka, me ya rage masa?" Sai na ji ta sake farawa a hankali, da tsinken tsintsiya ɗauri-ɗauri. Ni ina nan tsaye da alli a hannu, na manta abin da nake rubutawa. Tambayar nan tawa ce! Ni ne mai murafun kwalba, ni ya kamata a yi wa ita in nuna abin da na iya.

Tafiyar gida ta fi ciwo. Hanyarmu ɗaya da Baba tun ina yaro, amma yanzu sai in bi su a baya kamar wanda ya yi laifi, shi yana magana ƙasa-ƙasa yana zana abu a iska, ita tana gyaɗa kai. In na matso sai ya ce, "Sa'idu, wuce gaba, ka ce wa Mama ta ɗora ruwa," wato matarsa. Ni ne ɗan aike, ita ce ɗaliba.

Da abin ya ishe ni na same shi a gindin mangwaron gidansa yana gyaran kaca. Na ce, "Baba, ni me na yi? Ita fa tana da takarda, ko ka zauna ko ba ka zauna ba albashinta na nan. Ni ne za a kora."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ɓingel am," wato ɗana, da Fillancinsa na kasuwa, "kai ai tun daga bakin titi ake jin muryarka. Wa zai kori rediyo?"

Na ce, "Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Zango mai zuwa naka ne. Miƙo mini sifana."

Na miƙa masa, amma ban yi masa sai da safe ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yadda ake yi yanzu. Yau in an ce za a taimaki sababbin malamai, bita ake kira. A tara mu a babban ɗaki, wani ya zo da kwat ya yi ta Turanci daga safe har azahar, a raba lemo da biskit, kowa ya kama gabansa. Ba na kushewa, na je kuma na ƙaru, har tambaya na yi ta yi sai da mai kwat ɗin ya ce in bar wa wasu. Amma shi bai san ajina ba. Bai san akwai yarinyar da daga ruga take zuwa, Hausar ma ba ta zauna mata ba balle Turanci. Na tabbata da Baba yana wurin, can baya zai zauna, ya bari sai an yi nisa, ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Kuma na rantse rabin ɗakin za su sauke ajiyar zuciya. Sababbin da ake kawo mana yanzu kuwa, ranar da suka zo ranar ake miƙa musu alli a nuna musu ƙofa, sai ka ga mutum ya yi wata biyu ya gudu ya kama acaɓa.

Zangon da ya yi mini alkawari bai same shi ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, cikin hutu. A wurin jana'iza malamai suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na faɗin abin da Baba ya tambaye shi daga bencin baya, ana dariya ana hawaye. Ni da na fi su kusa da shi, ni da na ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗata, ba ni da ko labari ɗaya irin nasu.

Da aka koma makaranta hedimasta ya kira ni. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba. Ya ce sunaye za su tafi ofishin ilimi, kuma shi ba zai sa hannu a kan koyarwar da babu wanda ya gani ba. Na fito na tsaya a baranda ina kallon fili, ina lissafin yadda zan gaya wa innata.

Washegari na shiga aji na tarar da Rifkatu a bencin baya, ta naɗe zaninta ta matse tsakanin yara. Ta roƙi wata malama ta riƙe mata nata ajin. Raina ya ɓaci nan take. Na je kusa na ce a hankali, "Malama, kin ɓata hanya ne?"

Ta ce, "Malam Sa'idu, yau ni 'yar aji uku ce. Ka yi aikinka."

To sai na ce bari in nuna mata. Na zuba darasi kamar ruwan sama, na cika allo, na kaɗa murafun kwalba, na juyo na ce, "Kun gane?" Yara suka amsa da ƙarfi yadda suka saba, "E, Malam!" Na dube ta ina murmushi. Sai na ga hannunta a sama.

"Malam, ni ban gane ba. Tun daga layi na biyu ƙeyarka kawai nake gani."

Yara suka ƙyalƙyale. Kafin in buɗe baki, yarinyar da ke gefenta ta ɗaga nata hannun, rabi-rabi, tana kallon ƙasa. Sai na kusa da ita. Sai layin baya gaba ɗaya, sai na tsakiya. Yaran da kullum suke ce mini "E, Malam" ashe amshi kawai suke yi, kamar na waƙa. Na tsaya ina kallon hannuwan nan. Na goge allon, na juyo na fuskance su, na fara daga farko.

Ta yi ta zuwa har sai da hannuwan suka ragu. Sannan ta shiga ofis ta ba da shaida, hedimasta ya karɓa, don ya san ita daga hannun Baba ta fito. Sunana ya tafi. Yau ina nan da ajina, ina kuma karatun ƙarshen mako don in samu tawa takardar. Kuma tun daga ranar ban ƙara tambayar yara "kun gane?" ba. Sai dai in ce, "Wa zai nuna mini?" Malamai 'yan'uwana, ku gwada wannan gobe-goben nan, za ku sha mamaki.

Idan na auna abin da Baba ya bari, ba gida ba ne, ba littafi ba. Malamai ne warwatse daga Yelwa har ƙauyukan bayan dutse, waɗanda ba sa jin kunyar zama a bencin yara. Ni ma na samu rabona, ban musa ba, kuma ina gode wa Rifkatu har gobe. Amma na hannu na biyu na samu. Ita ta ji daga bakinsa, ni na ji daga bakinta. Har yau in ta ce, "Baba ya taɓa gaya mini a hanya," sai in kau da kai. Ban san tambayar da zai yi mini ba da ya zauna, kuma babu mai iya gaya mini.

Bana dai na daure na tambaye ta abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce, "Don Allah, me ya sa ke ya zaɓa?"

Ta ce a makonmu na farko ya same ta a bayan aji tana kuka. Yara sun fi ƙarfinta, ta riga ta ɗaure kayanta za ta koma garinsu. Ya ce mata ta ba shi zango ɗaya. Ta ce ta tambaye shi, "To Sa'idu fa?" Ya ce, "Wannan ko da sanda aka kore shi ta taga zai dawo. Zai iya jira."

Allah ya saka maka da alheri, Baba, na ji kuma na yarda. Amma da na san kuka ne ke kawo ka aji, wallahi da a tsakiyar fili zan yi nawa, lokacin taron safe, gaban kowa.