Baba Sale, Wanda Aka Raba da Bahar

Ina kasuwar Bab Makka a Jidda da hantsi ina zaɓen yadi sai wayata ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce. Yaya Habu, ɗan dangin kakata wanda mahaifina yake zaune a gidansa a Kano, ya yi sallama ya ce, "Maryam, sai haƙuri. Baba Sale ya cika da asuba, har mun kai shi makwancinsa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An binne mahaifina ban ga fuskarsa ba, a ƙasar da bai taɓa takawa ba sai da furfura ta cika masa kai.

A Ruwais, wata unguwa ta bakin teku a Jidda, aka haife shi. Iyayensa sun zo aikin Hajji suka zauna, shi kuwa ya tashi cikin masunta, ya iya iyo tun bai iya karatu ba. Da ya zama saurayi ya sami aiki a wani shago a Ubhur, arewa da Jidda, inda ake sayar da allunan hawa ruwa ana kuma ba da hayarsu. Baharmu, wato tekun namu, ba ta da manyan igiyoyin ruwa, don haka da iska ake tafiya: a kafa wa allon wani ƙyalle da muke kira shira'i, mutum ya tsaya a kai iska ta ja shi. Baba ne mai ɗinke shira'in da ya yage, shi ne mai liƙe allon da ya tsage, shi ne kuma mai koya wa 'ya'yan masu hali tsayuwa a kan ruwa. Ammu Sale suke kiransa, wato Baffa Sale.

Mutanenmu ba su taɓa ɗaukar sana'arsa da daraja ba. A gaban idona wani dattijo ya ce masa, "Sale, da gemunka kana wasa da katako a ruwa?" Baba ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, duk garin nan bahar ce kaɗai ba ta taɓa tambayata takardar iƙama ba."

Ba ya ba wanda bai iya iyo ba allo, ko ɗan wane ne, ko da mai shago zai ɗaure fuska. Ni ma sai da ya koya mini, duk da surutun matan unguwa. Ranar da na fara tsayawa a kan allo iska ta fizge ni na ƙwalla ihu, sai ya ɗaga murya daga baya: "Saki, ya binti! In abu ya fi ƙarfinki ki sake shi, allon ba ya nitsewa." Sau da dama ya shiga ruwa da tufafinsa ya ciro yaran da iska ta yi nisa da su. Yakan naɗe yaro da tawul, ya ba shi shayi, kuma ba ya gaya wa uban don kada a hana shi dawowa.

A hankali aka yi ta katange bakin ruwa. Wuraren da ya yi iyo yana yaro suka koma masu ƙofa da mai gadi, shi kuma ta ƙofar ma'aikata yake shiga. Sannan kafilinsa, mai shagon da ya tsaya masa wurin hukuma, ya rasu, magada suka sayar da shagon. Sababbin masu shi samari suke so, masu Turanci, masu kyau a hoto. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, ba wanda zai sabunta.

Na raka shi ofishin ɗaya daga cikin yaran da ya ciro daga ruwa, wanda yanzu babban mutum ne. Sa hannu kawai muke nema. Muka zauna tun safe har aka kira azahar, ana ta ce mana yana taro. Baba ya miƙe ya ce, "Halas, tashi mu tafi. Ai ba don ya rama mini na ciro shi ba." Shi ya yafe. Ni har yau ban iya ba.

A hanyar masallaci aka kama shi, aka sa shi jirgi zuwa Kano. A Jidda Batakarure yake, wato baƙo daga ƙasar Hausa, a can kuma suka riƙa ce masa Balarabe saboda Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Duk sa'ad da na kira shi, kafin ya tambayi jikokinsa sai ya ce, "Yau daga ina iska take busowa?" Yaya Habu ya taɓa kai shi wani dam don ya ɗebe masa kewa. Ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya ji ba gishiri, ya ce a mai da shi gida.

Kwana kaɗan bayan rasuwarsa shagon ya sa tsohon hotonsa a shafinsa, yana tsaye a kan allo, da yabo cewa yana cikin waɗanda suka fara wannan wasa a Jidda. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta rubuta ta'aziyya a ƙasa, har da mai taron nan. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taka zuwa gidanmu.

Ya Allah, ka jiƙan Baba Sale, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka saka wa Yaya Habu da ya riƙe shi. Ka ba mahaifiyarmu da ƙannena haƙurin wannan rashi, ni kuma ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu tana tafasa. Amin.