Na Riƙe Naira, Gonar Ubanmu Ta Tafi

Gonar ubanmu ta fita hannuna, kuma ba caca na yi ba, ba giya na sha ba. Ni manomin wake ne daga wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko, wani ke rubuta mini wannan.

Shekarar da damina ta ƙi, na jinginar da gonar ga wani attajiri don ƙanena ya ci gaba da jami'a a Maraɗi. Sefa, kuɗin ƙasarmu, na karɓa, muka yi da shi sefa zan mayar kafin wa'adi, in ba haka ba gona ta zama tasa. Na yi ta ƙwadago, na noma aron fili, na sayar da wake ga ƴan kasuwar tsallaken iyaka, su kuwa naira suke biya. Sai da kuɗin fansa suka kusa cika.

Na yi niyyar canza nairar zuwa sefa in kai asusun ajiya a Gidan Rumji. Ƙanena ya zo hutu ya hana ni. Ya ce shi da abokansa na masallacin ɗalibai sun bincika, asusu riba ce, canji ma akwai shubuha, in ajiye abina a ɗaka Allah zai tsare. Na ce masa ciniki da sefa aka yi. Ya tambaye ni ko na fi yarda da ɗan canji a kan Ubangiji. Na ajiye nairar a ɗaka. Yaro ne mai sallar dare, ga boko. Ban tuna cewa kuɗin tallafinsa na ɗalibi ba su taɓa kai masa ƙarshen wata ba.

Allah ya tsare, ko takarda ɗaya ba ta ɓace ba. Naira ce ta faɗi. Ranar da na kai wa ɗan canji, ko rabin fansa bai fito ba. Attajirin ya yi mini jaje, ya riƙe gona. Daga baya wani malami a Tibiri ya ce mini canji hannu da hannu halal ne, da na tambaya.

Ban zargi addini ba. Tsoron Allah daban, sanin kuɗi daban, ƙanena ɗaya kawai yake da shi. Duk mai ɗalibi a gida, kafin ya miƙa masa maganar dukiya, ya tambayi malami, ya tambayi ɗan kasuwa.

Ƙanena ya bar karatu don kunya, ba ya zuwa gida. Ni ina Agiye, ina dako a kasuwa da amalanken wani.