Bidiyon da Afiniki Take Ciki

Zamani manomin citta ne a wani ƙauye bayan Kafanchan. Dama can ba mai surutu ba ne, ko a coci bencin baya yake zama. Tun da aka kashe matarsa Afiniki a harin da aka kai ƙauyensu kuwa, sai bakin ya ƙara rufewa. 'Yarsu Doreen tana aure a Abuja, sai dai ta kira ranar Lahadi. Shi kaɗai yake tsaga cittarsa, shi kaɗai yake shanya ta.

Bawan Allahn nan ko hoton Afiniki ɗaya ba shi da shi, wuta ta cinye duka. Abin da ya rage masa bidiyon harin ne, wanda wani ya ɗauka da waya har ya bazu. A farkonsa ga ta nan tana wucewa da kwando a ka, tana murmushi. Daga nan sai harbi da guje-guje. Shi yake kallo kullum in ya dawo daga gona, har ƙarshe.

Da memorin wayar ya fara gardama, ya hau mashin zuwa kasuwar Kafanchan, wurin Badruddeen mai tura fina-finai, a juye masa a sabo. Badruddeen na buɗewa ya yi wuf ya rufe kwamfuta.

"Baba, an hana ajiye irin wannan, wai yana tayar da rikici. In aka gani a wayarka kama ka za a yi, ni kuma a kwashe mini kaya."

"Wayan nawa ne," in ji Zamani. "Ban tura ma kowa ba. Matana ne a ciki."

Abin da ciwo wallahi, don duk su biyun gaskiya suka faɗa. Badruddeen ya ji tausayinsa, ya ce zai yanko masa farkon, a goge sauran. Zamani ya kalli guntun cikin hayaniyar kasuwa, ya gan ta, ya amince. Aka goge.

Sai da ya koma gida, ya zauna a ƙofar ɗaki ba kowa, ya kunna. Ta wuce, ta yi murmushi, bidiyo ya tsaya. Nan ya gane abin da ya yi. Afiniki ba ta magana a farkon. Sai bayan an fara harbi take kira, "Baban Doreen! Baban Doreen!" Muryar da yake jira ke nan kullum.

Ya ƙure sautin wayar ya kara ta a kunne. Kukan kaji kawai ya ji.